Ƙafarsa Tana Kan Birki

Ni na fara jin ciwon motar nan, tun kafin maigidana da yake tuƙa ta ya yarda akwai shi. Ba don na san mota ba. A aji huɗu na tsaya a firamare, ko sitiyari ban taɓa riƙewa ba. A jikin 'yata na ji shi.

'Yar fari ce, ba na kama sunanta. Sikila gare ta, shekararta huɗu a lokacin. Idan ciwon ya tashi ƙasusuwanta ne suke ci, ko zani aka ja a kan ƙafarta sai ta yi ƙara. Nakan kwantar da ita a cinyata a kujerar baya, in tallafi bayanta da tafin hannuna, babanta ya ja mu daga Tarauni zuwa babban asibitin da ke wajen Gyadi-Gyadi. Tafiyar ba nisa. To ranar da nake faɗa, ana yayyafi bayan la'asar, muna isa shatale-tale ya taka birki, sai na ji wani abu daga ƙasan motar, dum, dum, dum, kamar ana buga ƙofa da gwiwar hannu. Kowane bugu sai yarinyar ta ɗauke numfashi.

Na ce, "Malam, motar nan rawa take yi."

Ya ce, "Titi ne."

"Ba titi ba ne. Sai ka taka take yi."

"To, injiniya," ya ce, bai ko waiwayo ba. Amma na ga hannunsa a kan sitiyari yana karkarwa tare da shi.

Motar ba tamu ba ce, ta Sista ce. Ma'aikaciyar jinya ce a asibitin, 'yar wajen Jos, Kirista, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun girma sun watse. Gwiwa ta matsa mata ta daina tuƙi, shi ne ta ɗauki maigidana. Ya kai ta aiki, ya ɗauko ta, ran Lahadi ya kai ta coci ya jira a waje, wani lokaci ta aike shi Zariya wajen ƙanwarta. Layin gidanta a Darmanawa ruwa ya cinye shi, don haka a layinmu motar take kwana, a gidan wani maƙwabci mai get. Tun ranar da ta fara ganin 'yata da idonta rawaya ta ce, "Duk lokacin da ciwon ƙawata ya tashi, ku ɗauki mota. Kar a zo tambayata." Haka take kiran ta, ƙawata. In mun isa asibiti kuwa, ita ce mai nemo mana kati, ita ce mai leƙowa ta ga an sa ruwa ko ba a sa ba. Mu da ba mu da kowa a wurin, da motar nan muka samu Sista, da Sista muka samu gado.

Gyaran farko a Unguwa Uku aka yi, aka canza abin da suke kira fad. Rawar ta ragu kwana biyu, ta dawo. Gyara na biyu aka cire wasu ƙarafa aka kai wa masu inji suka kankare su. Wannan karon motar ta yi lumui, har na fara mantawa. Wata guda bai cika ba na sake jin bugun, ƙasa-ƙasa, sannan ya fito fili.

Ina tsaye a wurin ranar da Sista ta yi maganar, na kai mata dambun da take so. Tana zaune tana shafa wa gwiwarta magani.

"Malam, ɗana kullum waya. Wai Mama sayar da motar nan ki huta, ritaya ta kusa, ga adaidaita ko'ina. Ni ce nake ta cewa a'a." Ta dube ni, ta dubi yarinyar a gefena. "Akwai wani Baba a Gyadi-Gyadi, tare muke coci. Ka kai masa. In ya taɓa ta sake dawowa, to ni na gaji. Ba faɗa ba ne, gajiya ce."

Tun daga ranar abinci ya daina yi min daɗi. Ko ina wanki, ko ina tankaɗe, lissafin da nake yi ɗaya ne: in babu mota, da me zan kai ta?

Garejin Baba ba gareji ba ne sosai, inuwar darbejiya ce a bayan wasu shaguna, ƙasa ta yi baƙi da mai. Dattijo ne mutumin Kudancin Kaduna, gajere, da tabarau ɗaure da zare a ƙeya. Mun je ne daga ganin likita, shi ya sa nake cikin motar. Na fito na zauna a wani benci, yarinyar a jikina.

"Hajiya Ƙarama, ke ce mai motar?" Baba ya ce wa yarinyar. "To biya ni tukuna." Ta ɓoye fuska a hijabina.

Ya ɗaga motar da jak, ya cire tayar gaba. A bayanta sai ga wani ƙarfe zagayayye, faɗinsa kamar faifan rufe ƙwarya. Dis suke ce masa, ni dai faifai nake cewa. Fad ɗin kuma wasu 'yan bulo biyu ne da suke matse faifan gefe da gefe in an taka birki, kamar yadda mutum yake kama faranti da yatsu. Baba ya juya faifan a hankali da hannu, ya juya, sai ya tsaya. Ya goge wurin da gefen rigarsa.

"Zo ka gani, direba."

Daga inda nake zaune ina hango shi. Wani tabo ne mai duhu-duhu, mai kusurwa, daidai siffar fad ɗin, kamar an buga hatimi.

"Kowa cewa yake ƙarfen ya lanƙwashe," in ji Baba. "Yakan faru, amma ba shi ne naka ba. Wannan fad ne ya ɗau zafi, aka danne shi wuri ɗaya, ya bar jikinsa a nan. Wurin ya fi ko'ina tudu, ko da kaurin gashi ne. Duk zagayen da taya ta yi sai fad ya yi tuntuɓe da shi. Shi ne bugun da kake ji."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Kamar dutsen guga in an manta shi a kan riga."

Baba ya sauke tabaraunsa ya dube ni. "Ka ji! Ashe da makanike a gidanka kake wahalar da mutane." Ya juya wajen maigidana. "Faɗa min, in ka kwaso gudu daga Zariya, ka shigo gari kana ta taka birki, ina kake tsayawa ka daɗe ƙafarka tana kai?"

"Babu ko'ina, Baba. Gida nake wucewa."

"Ka tuna dai."

"Wallahi gida."

Ba ƙarya yake yi ba, bai san yana yi ba ne. Ni na sani, don ni ce mai leƙen dawowarsa. A bakin layinmu akwai majalisar dattawa, benci biyu da tabarma, ba a rasa mutum shida. Maigidana bai taɓa wuce su ba. Yakan tsaya daidai gabansu, ya sauke gilas, ya fara bin su ɗaya bayan ɗaya. Ina wuni, ina gajiya, ya jikin Hajiya, ya ƙafar. Su kuma su ce ya hanya, ya mutanen Zariya, can ma an yi ruwan? Ba ya fitowa, don a ganinsa yanzu zai wuce. Ba ya kashe mota. Motar kuma otomatik ce, in ka ɗaga ƙafa tafiya take yi da kanta, don haka ƙafar tana danne. Jar fitilar baya nake gani daga zaure. Sai in leƙo in gan ta a kunne, in koma in sauke tukunya, in sake leƙowa, tana nan ja.

Na ce a hankali, ina duban ƙasa, "Majalisa."

"Wace majalisa?" in ji Baba.

Na faɗa masa. Ya yi dariya har da dafa mota. Maigidana bai yi ba.

"To Baba, wuce iyayena zan yi ban gaishe su ba, saboda ƙarfe?"

"Wa ya ce kar ka gaishe su? Mayar da giya fakin, ka ɗauke ƙafarka, ka gaishe su har su gaji su kore ka. Gaisuwarka ba ta ɓata komai ba, ƙafarka ce." Ya buga faifan da sifana. "Wannan an kankare shi ya yi siriri, ba zai ƙara ɗauka ba. Sabo za a sa. Ranar da za a ɗaura, ka zo min da makaniken nan taka."

A hanyar gida, da muka kusa, maigidana ya dube ni ta madubi. Ya ce, "Ba a son mace tana tsoma baki in maza suna magana." Na ce Allah ya ba shi haƙuri. Da muka iso majalisa ya tsaya, na ga hannunsa ya kai kan giya ya tura ta gaba, ya janye ƙafarsa. Raina ya yi sanyi kaɗan.

Sista ta yarda aka sayo sababbi, a cikin kwali, faifai biyu da fad. Ran Asabar da hantsi muka koma. Baba bai yi gaggawa ba. Sai da ya kankare tsatsar da ke wurin da faifan zai zauna da burushin waya har ya yi haske, ya ce ko ƙwayar yashi ta shiga tsakani faifan zai zauna a karkace. Ya wanke sababbin da fetur don maiƙon da suka zo da shi. Da ya mayar da taya, bai ɗaure notunan a jere ba, tsallake-tsallake ya yi, wannan sannan na gabansa, kaɗan-kaɗan, da hannu.

"Masu facin nan da suke hawa kan sifana suna tsalle," ya ce, "Allah ya shirye su. Su ma suna kawo min aiki."

Ya wanke hannu, ya zo ya tsaya gabana, ba gaban maigidana ba.

"Makanike, kina toya waina?"

"Ina yi, Baba."

"Sabuwar tanda, daga kasuwa kike zuba mata ƙullu?"

"A'a. Kamawa za ta yi. Sai an shafe ta da mai, a ɗora a wuta, a goge, a sake shafawa, har ta yi santsi ko'ina."

"To shi ke nan, kin gama aikin. Sabon birki ma haka. So ake fad ya shafa jikinsa a kan faifan ko'ina daidai, siriri, da zafi. Ku nemi titi mai faɗi inda babu cunkoso. Ya ja har allura ta kai sittin, ya taka sosai amma ba da mugunta ba, har motar ta dawo kamar tafiyar ƙafa. Kar ta tsaya. Ya saki, ya sake ja. Sau goma. Za ku ji ƙauri, kar ku tsorata. In an gama goma, ya yi ta tafiya a hankali bai taɓa birki ba, kamar tsawon sallah biyu, iska ta huce shi. Lokacin nan ne faifan ya fi kowane lokaci zafi. In ya danne shi a tsaye a lokacin, tabon da kika gani ya dawo." Ya ɗaga yatsa. "Ko gwamna ne ya ɗaga muku hannu kar ku tsaya. In ta kama dole, fakin, ɗauke ƙafa. Da na bi ku, to ga motoci biyu a kan jak. Ke za ki ƙirga masa."

Muka wuce Unguwa Uku muka fita wajen gari, inda titin ya buɗe. Ranar yarinyar lafiyarta ƙalau, ta ci ƙosai da safe, har ta roƙi ƙari. Na zaunar da ita a cinyata na zagaye cikinta da hannu ɗaya, ɗaya hannun na ware yatsu.

Ya ja, ya taka. Jikinmu ya tafi gaba, ya dawo. Babu bugu, babu rawa, kamar an zuba mai a ƙasa.

"Ɗaya," na ce.

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya. "Baba, a sake!"

Ya sake. Biyu. Uku. Kowane takawa sai ta saki jikinta gaba da gangan tana ihu, ni ina riƙe ta. A na biyar shi ma ya fara dariya, yana cewa, "Hajiya Ƙarama, ki riƙe injiniya kar ta faɗi." Rabona da in ji su biyun suna dariya tare a cikin motar nan har na manta. Kullum in muna ciki, ciwo ne ya sa mu. A na bakwai ƙaurin ya shigo, kamar an bar roba kusa da murhu. Na ce masa Baba ya ce ba komai. Takwas. Tara. Na lanƙwashe babban yatsana karo na biyu.

"Goma. Malam, goma! Yanzu kar ka taɓa shi."

"Na ji, ranki ya daɗe."

Ko numfashi ban gama saukewa ba. Muna shan wata 'yar kwana sai ga mutane sun tare titi, suna tsallakawa daga unguwar da ke hannun hagu zuwa wata maƙabarta a hannun dama. Babu wurin kaucewa. Ya taka da ƙarfi, motar ta tsaya cak.

Babu makara. Mutumin da ke gaba a hannu ya ɗauko, a naɗe cikin tabarma, ya rungume a ƙirji kamar mai tsoron kar ya tashe shi daga barci. Na dubi tsawon tabarmar. Ban so na gwada ba, idona ne ya gwada da kansa. Daga kan 'yata zuwa ƙafarta, daidai.

Maigidana ya ɗaga hannuwansa biyu daga sitiyari yana addu'a. Daga kujerar baya ina ganin gwiwarsa ta dama a miƙe, a sandare. Giya tana inda take. Motar tana 'yar ja a ƙarƙashinmu tana son tafiya, ƙafarsa tana hana ta.

Mutanen ba su da yawa, da sun wuce da wuri. Sai wani tsoho daga cikinsu ya tsaya, ya leƙo, ya gane maigidana. Ubangidansa ne na tasha, wanda ya koya masa tuƙi tun yana saurayi. Ya zo ya ɗora hannuwansa biyu a kan taga, ya jingina. Idonsa ja.

"Jikata ce," ya ce. "Jiya war haka tana wasa."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ce."

"Amin. Haƙuri sai ma'abucinsa."

"Me ya same ta?"

Tsohon ya fara ba da labari. Zazzaɓi, da yadda aka kai ta kyamis, da yadda uwar ta suma. Ba zai yiwu a katse shi ba. Ba zai yiwu a buɗe ƙofa ba ma, yana jingine a jikinta. Ƙaurin birkin yana tasowa ta tagar yana shiga hancina.

Kalma uku ce. Malam, ɗauke ƙafarka. Na jera su a bakina. Na san giyar da za a tura, na san inda hannunsa zai kai, da na miƙa nawa hannun ma zan iya taɓa kafaɗarsa. Na yi shekaru ina tambayar kaina abin da ya hana ni. Wani lokaci in ce maganar da ya yi min ce, ta mace da tsoma baki. Wani lokaci in ce kunya ce, a ji muryar mace tana zancen ƙarfe ana kai yarinya kabari. Amma gaskiyar da na fi yarda da ita, tsoro ne. Gani na yi in na damu da mota a daidai wannan lokaci, a gaban wannan tabarma, kamar na nuna wa Allah ban ɗauki darasi ba, kamar ina kiran abin ya juyo kaina. Na ƙanƙame 'yata har ta ce, "Umma, kin matse ni." Na rufe mata ido da tafin hannuna. Ban ce komai ba.

Da tsohon ya gama, ya sa mana albarka, ya bi sauran. Maigidana ya saki birki. A nan ne ya dubi ƙafarsa, sannan ya dube ni ta madubi. Shi ma ya tuna. Ya yi ta zagaye da mu a hankali, ya fi tsawon sallah biyu, ya fi huɗu, bai taɓa birki ba, kamar hakan zai mayar da abin da ya wuce.

"Ai ba mu daɗe ba," ya ce daga ƙarshe.

"Ba mu daɗe ba," na ce.

Baba yana ƙarƙashin wata mota da muka koma. Ya turo kansa waje.

"Kun tsaya?"

"Ba mu tsaya ba," in ji maigidana.

"Makanike?"

Na sunkuya ina gyara wa yarinyar takalmi. "Goma cif muka yi, Baba."

"Madalla. Ku je, kun rabu da ita."

Tsoronmu shi ne in mun faɗa ya ce sai an sake sayen wasu, maganar ta koma kunnen Sista. Muka bar ta a cikinmu, ko tsakaninmu ba mu ƙara tayar da ita ba. Maigidana ya kiyaye majalisa, ko sau ɗaya ban ƙara ganin jar fitila a bakin layi ba. Sati ɗaya, sati biyu, motar lumui. Na fara cewa wataƙila Allah ya rufa mana asiri.

A sati na huɗu aka yi ruwa mai sanyi da rana, ciwon yarinyar ya tashi a hannu da ƙugu. Muna isa shatale-talen nan dai, hannuna yana bayanta, na ji bugun. Ƙanƙani ne, kamar motsin ɗa a ciki wata huɗu, wanda babu mai ji sai uwar. Ban faɗa ba. Shi ma ya ji, don daga ranar ya canza tuƙi. Tun daga nesa yake sakin totur, ya bar motar ta rage gudu da kanta, ya ɗan shafi birki a ƙarshe, don kar Sista ta ji. Ta ma yaba masa, ta ce ya zama direban manya. Haka ya yi ta ɓoye mata kusan wata biyu, bugun kuwa yana girma.

Ranar da asiri ya tonu ba na cikin motar, shi ya ba ni labari. Suna hanyar asibiti da safe, wani mai adaidaita ya yanko gabansu, dole ya taka da gaske. Sitiyari ya kama girgiza, fulas ɗin shayinta ya faɗo daga kujera. Ya ce ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki fulas ɗin, ta riƙe a cinya, ta ce, "Ya dawo ko?" Ya ce ya dawo. Ta ce, "To."

Kwana tara bayan haka wasu mutum biyu suka zo suka zagaye motar, suka buɗe gaba, suka bubbuga taya da ƙafa. Ina zaure ina kallo. Maigidana ne ya miƙa musu makulli. Kafin ya miƙa sai da ya ciro ɗan matashin da nake sa wa yarinyar a ƙarƙashin gwiwa, ya kawo min.

Sista ta zo har ɗakinmu, da gwiwarta da komai, a adaidaita. Ta ce kar in damu, tana nan a asibiti, in mun zo in neme ta. Ta cika alkawari kuwa, har zuwa lokacin da ta yi ritaya ɗanta ya zo ya kwashe ta zuwa Jos. Ta bar wa ƙawarta bargo da safa.

Na sake ganin Baba sau ɗaya. Na fito daga karɓar magani, na bi ta bayan shagunan don in gaishe shi. Ya ji labarin sayar da motar a coci, abin yana damun sa, yana ta cewa bai gane inda ya yi kuskure ba, ko kayan ne ba su da kyau. Ban iya barin dattijo yana zargin hannunsa ba. Na faɗa masa komai, da tabarmar, da tsohon, da ƙafar.

Ya cire tabaraunsa ya goge.

"'Yata," ya ce. Bai ce makanike ba. "Ko ni ne sai na tsaya. Amma da kun faɗa min a ranar, samfefa kawai zan sa in goge wurin, ku sake fita ku yi goma. Kafin azahar an gama. Sabon tabo a sama yake. Sai an yi ta tafiya a kansa yake cin ƙarfe."

Na ce masa na gode. Ban san yadda na kawo kaina titi ba.

Ban faɗa wa maigidana wannan ba, har yau. Me zai yi da ita?

Yanzu in ciwon ya tashi, goya ta nake yi zuwa bakin titi, ko da ta yi girma da goyo, ƙafafunta suna dukan cinyoyina. Mu tsayar da adaidaita. Nakan roƙi mai shi ya bi a hankali, ya ce to Hajiya, ya yi yadda ya saba. Kowane rami a titin nan na san shi, ina jin sa a bayanta kafin mu kai. Ta daina ƙara, cije hijabina take yi. A asibiti mu bi layi kamar kowa. Likita ya ce ƙugunta na hagu ya fara lalacewa, na tambaye shi ko jijjiga ce, ya ce a'a, ciwon ne haka. Ban sani ba ko don ya kwantar min da hankali ya faɗa.

Maigidana ya nemi tuƙi ya gaji. Wani lokaci a kira shi kai amarya ko ɗauko kaya, kwana ɗaya, shi ke nan. Sauran ranakun a majalisa yake wuni. Sun ba shi wuri a ƙarshen benci, shi ne ƙaraminsu, shi yake tashi in ana son ruwan alwala.

Jiya bayan la'asar na leƙa daga zaure in ga ko zai shigo ya ci abinci. Wata farar mota ta shigo da ƙurar hanya a jikinta, da gani daga nesa take. Ta tsaya gabansu, aka sauke gilas. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali. Jar fitilar baya tana kunne. Maigidana yana zaune daidai saitin tayar gaba, yana amsawa, lafiya lau, madalla, ya hanya. Na ga idonsa ya sauka kan tayar, ya daɗe a wurin. Na jira in ji ko zai faɗa wa mutumin.

Daga ɗaki yarinyar ta kira ni, da muryar nan da na sani. Na saki labulen na koma.